Zancen Halittu: Yadda Za a Gane Uwar Tururuwa

Masu karatu, idan ruwan farko ya sauka a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, wajen Mayu ko Yuni, ƙwari masu fiffike sukan fito daga ƙasa. Yaron da yake son kiwon tururuwa a kwalba, lokacinsa ke nan. Amma iyaye su taya shi dubawa, kada ya kawo gara gida.

Shinge, wato gara mai fiffike, fikafikansa huɗu tsawonsu ɗaya, ƙugunsa da kauri. Tururuwa kuwa ƙugunta siriri ne, 'yan ƙahonninta biyu a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu.

Uwar ta fi ma'aikata girma, ƙirjinta da faɗi. Bayan ta sadu da namiji takan karya fikafikanta, su bar tabo a gefen ƙirji. Irinta za a ɗauka. Namiji ƙaramin kai gare shi, ba ya daɗewa yake mutuwa.

A sa ta cikin kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, a toshe bakin da busasshiya, a ajiye cikin duhu. Kada a riƙa buɗewa, gama in ta firgita takan cinye ƙwanta. Sai a yi haƙurin makonni, 'ya'yan fari su fito.