Tambayoyi tara na gano ciwon damuwa: Da wane harshe ake yin su?

Kwanakin baya na raka wata goggona asibiti domin a duba hawan jinin da ya daɗe yana damunta. Bayan an gama awo, sai wata ma'aikaciyar jinya ta zaro takarda mai tambayoyi tara da Turanci, ta shiga fassara su da baki, ga kuma layi ya kai har bakin ƙofa. Da ta zo kan tambaya ta biyu ta ce, "Mama, kina da damuwa?" Goggo ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, wa ya rasa damuwa a duniyar nan? Sai godiyar Allah." Ma'aikaciyar ta rubuta sifiri ta wuce. Ni kuwa na san baiwar Allah nan ta fi wata shida ba ta barcin kirki tun rasuwar babban ɗanta, ko sunan maƙwabta ta daina zuwa. Ban ga laifin ma'aikaciyar ba, domin an ɗora mata aikin tafinta a cikin minti biyu, aikin da ko mu da muke koyar da kimiyyar harshe sai mun yi kwanaki a kansa.

Takardar nan ita ce ake kira PHQ-9. Masana uku na Amurka, Robert Spitzer da Janet Williams da Kurt Kroenke, su suka tsara ta, aka kuma buga sakamakon gwajinta a 2001. Tana tambayar abin da mutum ya ji a makonni biyu da suka wuce: rashin sha'awar komai, ƙuncin rai, matsalar barci, kasala, canjin cin abinci, raina kai, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, sai kuma tunanin gara mutuwa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga maki 10 ake cewa a zurfafa bincike. A 2003 aka fitar da gajeruwarta mai tambayoyi biyu kacal, wato PHQ-2. Masu jego kuma suna da tasu mai tambayoyi goma, wadda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a Edinbara a 1987.

Amfanin irin waɗannan takardu a wurinmu ba abin musu ba ne. A rahotonta na 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 7 ne ke fama da ciwon damuwa a Nijeriya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a yankin masu magana da Yarbanci, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken. Mai wannan ciwo ba kasafai yake fara zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ba. Ƙaramin asibitin unguwa yake zuwa da ciwon kai da ciwon jiki da rashin barci, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, ya koma gida da abin da ya kawo shi. Tambayoyin minti uku suna iya tsamo shi daga cikin layi.

To amma tambaya sai ta isa kunnen mai amsa da ma'anar da aka nufa. Sunan ciwon a Turanci tushensa Latin ne, ma'anarsa dannewa ƙasa. Bahaushe kuwa da launi yake kwatanta abin ya ce baƙin ciki, ko da lalacewa ya ce ɓacin rai, ko da matsewa ya ce ƙunci. Kalmar damuwa da kafofin yaɗa labarai suka fi ɗauka tana da faɗi ƙwarai, domin ta haɗa kuɗin makaranta da surutun yara da ciwon da ke kwantar da mutum. Wanda aka tambaya ko yana da damuwa zai iya cewa e ko a'a, kuma duk gaskiya ya faɗa. Bugu da ƙari, tarbiyyarmu ta sa "lafiya lau" da "alhamdu lillahi" su zama amsar ladabi, ko da mutum yana kan gadon asibiti. Da an ce wa goggo, "Tunani yana hana ki barci?" ko "Abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun fita daga ranki?", da wata amsar aka samu.

Haka ma'aunin amsoshin yake. Bambancin "wasu kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin" lissafi ne na mai kalanda, alhali tsohuwa a ƙauye daga Juma'a zuwa Juma'a ko daga kasuwa zuwa kasuwa take ƙirga kwana. Tambaya ta bakwai ma misalin karanta jarida da kallon talabijin ta kawo, ga wadda aka fi gane tarwatsewar hankalinta a mantuwar raka'a ko ƙona tuwo. Ta tara ta fi kowace nauyi. A al'ummar da addini ya haramta kashe kai, kuma dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta lissafa yunƙurinsa cikin laifuffuka, wanda aka yi wa tambayar gatsau a gaban surukarsa "a'uzu billahi" kawai zai ce. Tana buƙatar keɓewa da lafazi mai taushi, kamar a fara da ko rayuwar ta taɓa isarsa.

Zimbabuwe ta nuna hanya. A 1997 Vikram Patel da abokan aikinsa suka fitar da takarda mai tambayoyi 14 da suka gina daga bakin masu harshen Shona, har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Da ita aka auna nasarar shirin Dixon Chibanda na Harare, inda tsofaffin mata da aka horar suke zama a kan benci suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna an sami sauƙi sosai. "Tunani ya yi mini yawa" magana ce da kowane likita a Kano ko Damagaram ya saba ji.

Wajibi ne kuma a san iyakar takardar. A gwajin 2001, maki 10 ya kama kashi 88 cikin 100 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 88 na marasa shi. Mu ƙaddara mutum 1,000 ne, 100 daga ciki suna da ciwon: za a kama 88 na gaskiya, a haɗa da 108 da ba su da shi. Ke nan fiye da rabin waɗanda makinsu ya hau ba su da ciwon, sai likita ya zauna da su kafin a yanke hukunci. Shi ya sa kwamitin rigakafi na Amurka, tun a 2002, ya gindaya sharaɗin a tanadi hanyar tabbatarwa da magani da bibiya, na Kanada kuwa a 2013 ya ba da shawarar kada a riƙa yi wa kowa da kowa.

Don haka kirana ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne su daina barin kowace ma'aikaciya tana fassara da ka. A zaunar da likitocin ƙwaƙwalwa da malaman sassan Hausa na jami'o'inmu da ungozomomi, a daidaita lafazi ɗaya, a gwada shi a kan marasa lafiya na gaskiya a Kano da Sakkwato da Bauchi saboda bambancin karin harshe, a buga shi da boko da ajami, a kuma naɗe shi a murya. Sa'annan kowane asibiti ya san inda zai tura wanda makinsa ya hau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma talaka ba zai ga amfaninta ba sai an tambaye shi da harshen da zai iya faɗin abin da ke ransa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.