Kafin Mu Shafa Fenti, Mu Duba Gindin Bango

'Yan'uwa manoma, ga kaka ta wuce. Dawa ta shiga rumbu, an kai waken soya da gyaɗa kasuwa, hunturu kuma ya kama. Yanzu ne manomi yake da abu biyu waɗanda ba ya samunsu tare a sauran watanni, watau 'yan kuɗi a aljihu da sarari a hannu. To, ina za mu kai su?

A yawon da muke yi cikin ƙungiyoyi mun ga inda mutane da yawa suke kai nasu. Kirsimati na matsowa sai a sayo siminti buhu uku ko huɗu, a kira birkila ya yi wa ɗakin ƙasa filasta, a bi da fenti shuɗi ko kore. Mai wucewa ya ce, "Kai, wane ya yi gini." Mu dai a ganinmu wannan ɓarnar kuɗi ce, har ma ta fi ɓarna, gama tana rage wa ɗaki kwana. Mun san maganar ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba, amma ku saurari dalili.

Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya ɗan kumbura. Da rani ya bushe, ya koma. Siminti ba ya yin haka, inda ya kama nan yake tsayawa. Saboda haka bayan damina ɗaya ko biyu sai su rabu, a sami sarari tsakaninsu wanda ido ba ya gani. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, ya rasa hanyar fita, domin simintin ya tare iska da rana. Ƙasa tana ruɓewa a ciki, gara kuma ta sami hanya a ɓoye, waje kuwa fenti yana ƙyalli. Wanda yake da irin wannan ɗaki ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa. In ya ji yana ƙara kamar ganga, aikin ya riga ya fara.

Mu kanmu muna da laifi a nan. Sa'ad da muka fara wannan aiki, sabbin fitowa daga kwalejin horon malamai, wani dattijo cikin wata ƙungiya ya tambaye mu ko ya sa siminti a ɗakinsa. Muka ce ya sa, ai ci gaba ne. Ya sayar da masara ya yi. A damina ta uku, cikin watan Agusta, filastan ya zubo gaba ɗaya da dare, ya tafi da rabin kaurin bangon. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma iyalinsa sun ƙare daminar a ɗakin girki. Ɗakin ƙanensa da ke kusa, wanda ake yi wa yaɓe da hannu kowace shekara, ko gezau bai yi ba. Tun ran nan muka koma muna tambayar tsofaffin magina kafin mu buɗe baki.

Abin da suka koya mana shi ne, ruwa ta wuri biyu yake kashe ɗakin ƙasa: ta kai da ta gindi. A fara da gindi, gama shi ne kowa yake mantawa. Ruwan da ke zubowa daga rufi yana faɗuwa ƙasa ya fantsama, ya riƙa cin gindin bango kaɗan kaɗan har ya yi rami. Ku zaga gidajenku yau ku gani. Inda ya zaizaye, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar, a jiƙa wurin, a cike da sabuwar ƙasa da aka cuɗa sosai da ciyawa ta kwana biyu ko uku tana ruɓa. Sa'an nan a yi dakali kewaye da ɗakin da marmara ko duwatsu, tsayinsa kamar ƙafa guda, a karkatar da shi waje domin ruwa ya gudu. A gyara kwata ta fita har bayan danga. Ba a bukatar ko kwabo a wannan aiki, sai jaki ko baro da gumi.

Sai kai. Mai jinka ya yanki ciyawarsa yanzu, kafin masu farautar ɓera su sa wa daji wuta. Wanda ya jira har watan Maris zai saya da tsada, ko ya rasa. A bar bakin jinka ya sauko ya wuce bango sosai. Mai soro ya hau ya duba tsagogi, ya duba indararo, gama indararon da ya karye ko ya gajarta shi ne ke zuba ruwa a jikin bango. Mai kwano kuwa ya tuna da iskar farkon damina. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi a kan ƙasa. A ɗaure katakon da waya mai kauri, a ratsa ta cikin bango kamar ƙafa biyu ƙasa da kai.

Bayan wannan ne ake yaɓe. Kakanninmu ba su rasa abin hana ruwa ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta ko a dafa, a haɗa da ƙasa ko a yayyafa ruwanta a daɓe. Magina na birni suna da laso, watau katsi na marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna tafiya tare da bango, ba sa rabuwa da shi kamar siminti. Gaskiya ne sai an sabunta makuba bayan shekara ɗaya ko biyu. Amma aikin yini biyu ne, kuma a wurin sabuntawar ne mutum yake ganin ɓarna tun tana ƙarama. Abu guda game da hunturu: iskarsa tana busar da yaɓe da sauri har ya tsattsage. A yi aikin da safe ko da yamma, a jiƙa bango tukuna, kada kuma a yi shi da kauri a tashi ɗaya. A hanzarta kuma tun kududdufi bai ƙafe ba, don kada mata su sha wahalar jan ruwan gini daga rijiya.

Samari sukan ce mana ginin ƙasa alamar talauci ne, iyayen yarinya ma ɗakin bulo suke tambaya. Ba mu ce ƙarya suke yi ba. Wanda Allah ya hore wa, ya yi bulo tun daga tushe, ba mu hana shi ba. Abin da muke ƙi shi ne a sa wa ƙasa rigar da ba tata ba. In kuwa don daɗewa ne, wanda ya je Zariya ya leƙa Wusasa ya ga majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929. Cikin birni kuma Babban Gwani ya gina tsohon Masallacin Juma'a a shekarun 1830. A Nijar, masallacin ƙasa na ƙauyen Yama a jihar Tawa ya sami kyautar gini ta Aga Khan a 1986. Masu shi manoma ne kamar mu.

To, kuɗin simintin fa? Akwai inda buhu ɗaya yake yin aikin da ya fi na fenti nesa. Na farko murfin salga. Salga mai murfin siminti ana iya wanke ta, yaro ba ya tsoron rufzawa, in kuma aka sa mata bututu mai tsawo da 'yar waya a bakinsa, wari yana fita sama, ƙudaje kuma su maƙale su mutu. Wannan dabara daga Zimbabuwe ta fito a shekarun 1970. Na biyu bakin rijiya. Sai dai a tuna, siminti yana son a riƙa ba shi ruwa har kwana 7 a rufe da buhu ko ciyawa, balle a wannan iska.

Akwai kuma taga. Ɗakunanmu da yawa ba su da ita, ko kuwa an toshe ta da tsumma saboda sanyi. Sai a shigo da kaskon garwashi, a rufe ƙofa, a kwanta. Hayaƙin gawayi ba shi da wari, amma yana kashe mutum cikin barci. Idan zafi ya zo kuma, ɗaki cike da mutane ba iska, lokacin sanƙarau ke nan. Waɗanda suka ga 1996 ba su manta ba, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Rigakafi shi ne babban magani, amma ƙananan tagogi biyu masu duban juna, da wayar sauro a kansu, ba su kai kuɗin galan ɗin fenti ba. Mai kwano ya ƙara da silin na zana ko asabari, zai ji bambanci a watan Afrilu.

Kada a ce mun ƙi ado. Muna so ƙwarai. Farar ƙasa tana haskaka ɗaki, tana toshe ƙananan ramukan da kuɗin cizo ke ɓuya. Iyayenmu mata sun iya daɓe mai sulɓi da zanen bakin ƙofa da jar ƙasa da baƙa, amma 'yan mata da yawa yanzu ba su taɓa riƙe madaɓi ba. Ya kamata zumuntar mata ta ɗauki wannan. Ado dai shi ne na ƙarshe, bayan gindi da kai sun samu.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta sa a taronta na wannan wata. Kafin samari su tafi cin rani, a keɓe mako biyu na gayya. A zaɓi mutum uku, ɗaya tsohon magini, su zaga gida gida su rubuta abin da ya lalace, har da rumbuna. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi. A sayi baro da shebur da tsani da kuɗin ƙungiya, ma'aji ya riƙa ba da aro yana rubutawa. Idan ɗorawa ta nuna a bazara, kada a zubar da ɓawon bayan an cire gari da kalwa, a tara shi a buhu a rataye inda ruwa ba ya taɓawa, domin yaɓen baɗi.