Kundin lada da alhaki na mabiya Tao

Ƴan kasuwan Maraɗi da na Damagaram da ke zuwa birnin Kanton sarin kaya sukan dawo da labari iri ɗaya, cewa mutanen Sin ba su san komi ba sai ciniki. To amma wanda ya lura da kyau, a kantuna da yawa na kudancin ƙasar zai ga wani ɗan akwati ja a kusurwa, da fitila, da ƴaƴan lemu, da turaren wuta yana hayaƙi gaban mutum-mutumin abin bautar da suke danganta wa arziki. Wannan al'ada reshe ce ƙarama, ta can nesa, daga wata tsohuwar koyarwa da ake kira Tao, wadda ta haura shekara 2,300 a rubuce. Abin mamaki kuwa, waɗanda suka assasa koyarwar ba abin da suka raina kamar neman riba da muƙami. Yadda aka yi hikimar masu gudun lissafi ta ƙare cikin littafin lissafi, labari ne da ya cancanci ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su saurara.

Kalmar Tao na nufin hanya, wato tafarkin da al'amuran duniya ke bi da kansu, ba tare da kowa ya tura su ba. Ana danganta tushen koyarwar ga wani dattijo, Lawo Tse, wanda marubucin tarihi Sima Qian ya ce ma'ajin takardu ne a fadar sarakunan Zhou. Da ya ga mulki ya lalace sai ya nufi yamma, mai gadin iyaka ya tare shi, ya roƙe shi ya rubuta abin da ya sani kafin ya wuce. Littafin, Tao Te King, ɗan ƙarami ne, babi 81, baƙaƙe wajen 5,000. Masana na yau suna shakkar ko mutum ɗaya ya rubuta shi, amma ba su shakkar tsufansa, domin a 1993 an tono wasu sassansa rubuce a kan tsagin gora cikin wani kabari a Guodian, lardin Hubei, kabarin da aka rufe wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Zuciyar koyarwar kalmomi biyu ce, wu wei. Akan fassara su da "rashin yi", wanda ya sa malalata ko'ina a duniya suke murna da su. Ma'anar ta fi kusa da barin tilasta wa abu. Cuwan Tse, malami na biyu a wannan tafarki, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya bayyana ta da labarin wani mahauci. Mahaucin da bai ƙware ba yakan canza wuƙa kowane wata, saboda ƙashi yake sara. Gwani yakan canza sau ɗaya a shekara. Shi wannan kuwa shekara 19 yana fiɗa da wuƙa ɗaya, ya yanka dubban shanu, kaifinta na nan, domin ramukan da ke tsakanin gaɓoɓi yake bi, in ya zo wuri mai sarƙaƙiya ya rage hannu. Mai karatu ya lura, mahaucin bai zauna a inuwa ba. Dubban shanu aka ce. Ma'aikacin da ya bar takardun jama'a suna kwana wata shida cikin biro ba shi da mafaka a wannan labari.

Akwai lokacin da aka gwada wannan koyarwa a kan mulkin ƙasa gaba ɗaya. Daular Qin, wadda ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin Miladiyya, ta gallabi talakawa da aikin tilas da dokoki masu tsanani, ba ta yi fiye da shekara 15 ba ta rushe. Gidan Han da ya gaje ta ya tarar da ƙasa a jigace. Cikin manyansa akwai Cao Shen, tsohon mayaƙi, wanda ya yi shekara 9 yana wazirin yankin Qi bisa shawarar wani malamin Tao. Da aka kira shi babbar fada a shekara ta 193, wasiyyar da ya bar wa magajinsa ita ce kada ya dami kasuwanni da gidajen shari'a, domin nan ne nagari da mugu suke samun wurin zama tare, in an matsa musu mugun ba shi da inda zai nufa sai tawaye. A babbar fadar kuma bai canza ko doka ɗaya daga cikin waɗanda marigayi waziri Xiao He ya bari ba. Ya zaɓi ma'aikata masu ƙarancin magana, ya sallami masu zaƙin baki da neman suna. Da sarki Hui ya nuna damuwa, sai Cao Shen ya tambaye shi ko yana ganin ya kai mahaifinsa, sarki ya ce a'a. Ya sake tambaya ko shi Cao Shen ya kai Xiao He, sarki ya ce da alama bai kai ba. Waziri ya ce to tun da waɗanda suka fi su ne suka tsara, aikinsu shi ne su riƙe.

Duk wanda ya taɓa zama a ma'aikatar da sabon shugaba ke fara aiki da rushe abin da na gabansa ya gina, ya san darajar wannan amsa. Sarki Wen, wanda ya yi mulki daga 180 zuwa 157, ya ci gaba da tafarkin. Ya rage lanhon gona zuwa kashi 1 cikin 30, a 167 ya ɗauke shi ɗungum, a shekarar kuma ya soke hukuncin yanke gaɓoɓi. Sima Qian ya ba da labarin rumbunan gwamnati da suka cika har hatsi na ruɓewa a waje. Sai dai gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Cao Shen mashayi ne da ke shayar da duk wanda ya zo masa da shawara har ya manta abin da ya kawo shi, kuma sakin linzamin nan ya ba ƴaƴan sarauta damar ƙarfafa a yankunansu, har bakwai daga cikinsu suka yi tawaye a 154.

Wannan duk na sarakuna da waziransu ne. Manomi da ɗan tireda da magatakarda, su yaya za su yi da hikimar da ta ce a bar tilasta wa abu? Ba a kama ta da hannu, ba ta da lokaci, ba ta da adadi. Amsar farko ta fito ne daga lardin Sichuan, inda Zhang Daoling ya kafa ƙungiyar addini a shekara ta 142 Miladiyya. Kowane gida yakan ba da awo 5 na shinkafa. An ɗauki ciwo a matsayin sakamakon laifi, don haka marar lafiya yakan shiga wani ɗaki shi kaɗai ya yi nazarin kurakuransa, mai ƙaramin laifi kuma a sa shi gyaran hanya taki 100. Bayan haka Ge Hong (283 zuwa 343) ya sa wa abin farashi: babban laifi na rage wa mutum kwana 300 daga rayuwarsa, ƙarami kwana 3, mai neman dawwama kuma sai ya tara ayyukan kirki 300, ko 1,200 in babban matsayi yake so.

Daga nan zuwa littafin kanti taki ɗaya ne. A 1171 wani malamin Tao ya fitar da kundin lada da alhaki mafi tsufa da aka sani, mai ɗauke da ayyukan lada 36 da na alhaki 39, kowane da makinsa. Ceton mutum daga kisa maki 100. Binne gawar da ba ta da dangi maki 50. Warkar da mai ciwo mai tsanani maki 10, mai sauƙi maki 5, amma in mai magani ya karɓi abin hannu daga dangin marar lafiya, ba shi da komi. Ana ajiye kundin da alƙalami a kan gado, kafin barci mutum ya rubuta na ranar, lada gefe ɗaya, alhaki gefe ɗaya. Ƙarshen wata a haɗa, a cire wannan daga wancan, a kai saura wata na gaba, ƙarshen shekara a rufe lissafi. Duk mai shago a kasuwar Tawa zai gane tsarin ba tare da tafinta ba. A ƙarnin nan dai aka fara yaɗa wani ɗan littafin gargaɗi, Ganying Pian, wanda ya jera tauye mudu, da ha'incin sikeli, da algus cikin laifuffukan da ake rubuta wa mutum.

Wanda ya sa kundin ya cika ƙasa ma'aikacin gwamnati ne, Yuan Huang (1533 zuwa 1606). A faɗarsa, tun yana yaro wani ɗan duba ya gaya masa matsayin da zai samu a kowace jarrabawa, ya ce ba zai haihu ba, kuma zai mutu yana da shekara 53. Da duban ya yi ta cika, sai ya saki jiki, ya daina ƙoƙari. A 1569 ya gamu da wani malamin addinin Buda, Yungu, wanda ya tsawata masa a kan wannan miƙa wuya, ya ba shi kundi. Yuan ya yi alkawarin ayyukan kirki 3,000, ya shekara 10 kafin ya cika su. Matarsa, da ba ta iya rubutu ba, takan tsoma gashin dinya cikin jan tawada ta buga da'ira a kan kalanda duk lokacin da ta ciyar da mabuƙaci. Ya samu ɗa a 1581, ya ci babbar jarrabawar ƙasa a 1586, aka naɗa shi shugaban gundumar Baodi kusa da Pekin, wato kamar kumandan a zamanin da. Kundin na kan teburinsa a wurin aiki, da dare ya kunna turare a tsakar gida ya karanta abin da ya rubuta.

Nan ne labarin ya fi daɗi. Ya yi sabon alkawari na ayyuka 10,000, amma matarsa ta koka cewa zaman gidan gwamnati ya toshe mata hanyoyin sadaka, yaushe za a cika? Sai ya yi mafarki an ce masa rage lanhon gona da ya yi wa gundumar, fiye da kashi ɗaya cikin uku, shi kaɗai ya biya dubu goman. Ana iya yi wa mafarkin murmushi, domin mai bashi ne ya ga an yafe masa cikin barci. Amma lissafin ba na banza ba ne. Sa hannu ɗaya na mai riƙe da hatimi ya shafi gidaje fiye da waɗanda kwanon sadaka zai kai a shekara goma, kuma in haka ne a gefen lada, haka yake a gefen alhaki.

Masu suka ba su yi jinkiri ba. Tun a kundin 1171 an rubuta cewa kuɗin tagulla 100 da aka ba maraya ko gwauruwa maki 1 ne, ke nan attajiri na iya sayen abin da talaka zai shekara yana tarawa. Kuma in ana cire alhaki daga lada, me zai hana mutum ya tauye mudu da safe ya ciyar da mabarata da yamma, ya kwana da riba? Liu Zongzhou (1578 zuwa 1645), malamin tafarkin Konfushiyus, ya ga wannan ciniki ne da sama, ya fitar da nasa tsarin a 1634, inda laifuffuka kaɗai ake rubutawa. Hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma da Cuwan Tse na raye da ya fi shi dariya, shi da aka ce sarkin Chu ya aiko masa da tayin wazirci ya mayar da manzanni hannu wofi. Koyarwar da ta fara da cewa nagartar da ke kallon kanta ta riga ta ragu, ga ta tana ƙirga maki a kan gado.

Duk da haka ba daidai ba ne a yar da kundin. Wanda ya ƙirƙiro shi ya gano abin da masu manyan kalmomi ke mantawa, cewa mutum ba ya gyara abin da bai duba ba, kuma ba ya dubawa sai an sa masa lokaci. Musulmi mai karatu ba zai yarda da abubuwan bautarsu ko neman dawwama a duniya ba, amma zaman dare na bin diddigin kai ba baƙo ba ne gare shi, tun da malamin Bagadaza Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, daga wannan ɗabi'a ya samo laƙabinsa. Gefen alhaki shi ne mai amfani, domin shi ne mutum ba ya son buɗewa. Gefen lada kuwa zuciya ta iya cika shi ba tare da alƙalami ba.

Juyin al'adu na Mao, daga 1966 zuwa 1976, ya rufe wuraren bautar Tao, ya kori malamansu, daga baya aka sake buɗe su. Yanzu Tao na cikin addinai 5 da gwamnatin Sin ta amince da su, ƙungiyarsu da aka kafa a 1957 tana da mazauni a haikalin Farin Gajimare da ke Pekin, inda masu ibada ke karatun safe da na yamma. Littafin da Yuan Huang ya rubuta wa ɗansa har yau ana buga shi ana ajiyewa kyauta a ƙofar wuraren bauta, a Taiwan da cikin Sin, duk mai so ya ɗauka. Na Liu Zongzhou, mai gefe ɗaya, sai a ɗakunan karatu na jami'a.