Injin 970 ya fi 1098 ƙarfi: abin da tsohuwar Mini za ta gaya wa mai sayen waya

Ka taɓa tsayawa a shagon waya ka ji mai shago yana jero maka lambobi? Kyamara 108, RAM 16, batir 6000. Kai kuma zuciyarka ta riga ta yanke hukunci cewa wadda lambarta ta fi girma ita ce gaba. A ganina wannan tunanin yana cinye mana kuɗi, kuma misalin da ya fi nuna min haka a cikin wata 'yar mota yake, wadda aka fara ƙerawa a Ingila tun 1959.

Sunanta Mini. Kamfanin BMC ne ya fito da ita a watan Agusta na 1959, bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 ya sa aka koma raba fetur da ƙa'ida a Birtaniya. Injiniya Alec Issigonis ya kwantar da injin a gicciye, ya cusa giyabos a ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya, ya sa tayoyin gaba su ja motar. Tsawonta duka mita uku da 'yan kai, amma tana ɗaukar mutum huɗu. Injin farko 848cc ne, ƙarfin doki 34.

Ga wanda bai saba ba, cc awo ne na yawan wurin da fistin ke sharewa a cikin silinda idan ya sauka daga sama zuwa ƙasa, a haɗa na duka silindojin. Shi ne dai lambar da kake gani a jikin babur, 100 ko 125. Abu biyu ke ba da wannan lamba: faɗin ramin silinda, da tsawon tafiyar fistin. Nan ne maganar take, domin za ka iya samun cc iri ɗaya da siririn rami mai doguwar tafiya, ko da faffaɗan rami mai gajeriyar tafiya, kuma halin injinan biyu ba zai taɓa zama ɗaya ba.

Duk injinan tsohuwar Mini 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu A-series, wanda ya fara fitowa a 1951 cikin Austin A30 yana 803cc. Daga wannan tushe aka yi ta sassaƙa: 848, 970, 997, 998, 1071, 1098, 1275. Idan ka jera su haka za ka ɗauka tsani ne, kowane mataki ya fi na ƙasansa. Ba haka ba ne.

Ɗauki 970 da 1098. Injin 1098 da aka sa wa Morris Minor a 1962 yana ba da doki 48. Injin 970 na Mini Cooper S, wanda ya fito a 1964, yana ba da doki 65. Ƙaramin ya fi babban da doki 17. Dalili kuwa, 1098 siririn rami gare shi da doguwar tafiya, an yi shi ne don ya ja kaya a hankali ba tare da hayaniya ba. Shi 970 raminsa faffaɗa ne, milimita 70.6, tafiyar fistin ɗinsa gajera, saboda haka yana iya juyi da sauri sosai, ga manyan bawul, ga kafireta biyu. An ƙera shi musamman don ya shiga tseren motocin da ba su kai 1000cc ba, kuma waɗanda aka yi ba su cika dubu ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne 997 da 998. Cooper ta farko, ta 1961, 997 ce. A 1964 aka maye gurbinsa da 998. Bambancin cc ɗaya tak, ƙarfin doki kuma 55 a duka biyun. A takarda babu abin da ya canza. A cikin ƙarfen kuwa an faɗaɗa ramin an rage tafiyar fistin, injin ya fi santsi ya fi jure wahala. Shi 997 shekara uku bai cika ba ya ɓace, 998 kuwa ya ci gaba da aiki a Mini ta talakawa har farkon shekarun 1990. Wanda ya tsaya kan lamba zai ce ai duk ɗaya ne.

Sai kuma 1275 da 1275. Cooper S mai wannan girma tana da doki 76. A 1969 aka fito da 1275 GT, lamba ɗaya, da sunan da ya fi kama da na tsere, amma kafireta ɗaya ce a ciki kuma ƙarfinta bai wuce doki 60 ba. Wanda ya saya don ya ga 1275 a jikin but ya sayi lambar, bai sayi injin ba.

To yanzu koma kan wayar da ke hannunka. Yawancin kyamarori masu megafiksel 108 suna haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da ke fitowa na megafiksel 12 ne. iPhone ta zauna a kan megafiksel 12 tun daga 6s a 2015 har sai da 14 Pro ta zo da 48 a 2022, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya ce hotonta ya zama abin kunya. Girman ƙwayar da ke karɓar haske, ingancin gilashi, da manhajar da ke gyara hoton, su ne faɗin rami da tsawon tafiya na kyamara. Haka RAM da ake rubutawa 8+8: takwas ɗin biyu aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma ba ta kusa da saurin RAM ta gaske. Wannan ita ce 1275 GT ta zamaninmu. Batir 6000 a bayan furosesa mai zuƙar wuta da allo mai cin caji zai iya mutuwa kafin 5000 da aka haɗa da kaya masu tattali.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, girma yana da ranarsa. Shi 970 ɗin da nake yabo bai dace da zirga-zirgar cikin gari ba, sai ka matsa masa ya yi ta kururuwa kafin ya nuna ƙarfinsa, shi ya sa aka daina yin sa da wuri. 1275 S ce ta rayu, domin tana ja tun daga ƙasa, kuma ita ta ci tseren Monte Carlo a 1965 da 1967. Ko nasarar 1964 da ake yawan ba da labari, inda Paddy Hopkirk da 'yar 1071 ya doke ƙatuwar Ford Falcon mai silinda takwas, akwai tsarin lissafin maki da ya yi la'akari da girman inji, wanda ya taimaka wa ƙananan motoci. Masoya Mini ba su cika son ambaton wannan ba. Haka nan waya mai RAM 2 ba za ta zama mai RAM 8 ba komai iya tsarinta. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki lamba ɗaya a mai da ita hukuncin ƙarshe.

Akwai ma wani abu da ya sa lambobi ke fitowa yadda suke, wanda bai shafi amfanin mai saye ba. Shekara da shekaru, har zuwa 1947, harajin mota a Birtaniya ana lissafa shi ne da faɗin ramin silinda da yawan silindoji, ba a kula da tsawon tafiyar fistin. Sai masu ƙera motoci suka yi ta yin siririn rami mai doguwar tafiya don mai mota ya biya kaɗan. Doka ce ta zana injin. Dokar tsere ce kuma ta haifi 970. A yau abin da ke zana lambar waya shi ne kwalin da za a ajiye a shago kusa da na abokin hamayya.

Saboda haka idan za ka sayi waya, nemi sunan furosesar ka bincika shi, ka duba hotunan da aka ɗauka da ita da dare, ka tambayi shekara nawa za ta samu sabunta manhaja, ka kuma tabbatar RAM ɗin da aka rubuta nawa ne nata na kanta.

Mini ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Longbridge da ke Birmingham a watan Oktoba na 2000, bayan an ƙera sama da miliyan biyar da dubu ɗari uku. Injinta 1275 ne, an cire kafireta an sa na'urar fesa mai ta lantarki don ya bi dokar hayaƙi. Ƙarfinsa doki 63, wato ƙasa da na 970 ɗin 1964.