Blockbuster Da Rigimar Faifai Biyu: Wa Ya Ɗauki Asara?

A ranar 18 ga watan Yuni na shekarar 2007, kamfanin Blockbuster, wanda a wancan zamani shi ne uban tafiya cikin masu ba da hayar fina-finai a ƙasar Amurka, ya ba da wata sanarwa wadda ta girgiza kasuwar faifan bidiyo. Ya ce daga cikin sababbin faifai iri biyu masu fitar da hoto garau, watau Blu-ray da HD DVD, Blu-ray kaɗai zai zuba a shagunansa 1,450. HD DVD kuwa aka bar shi a shaguna 250 inda aka yi gwaji, da kuma hayar da ake aikawa ta gidan waya. Hujjar kamfanin ita ce, tun ƙarshen 2006 yake jera faifan biyu gefe da gefe a waɗannan shaguna 250, ya kuwa tarar fiye da kashi 70 cikin 100 na hayar da aka karɓa ta Blu-ray ce.

Da jin haka mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, jama'a sun yi zaɓinsu, ɗan kasuwa ya bi. To, amma rabin gaskiyar ke nan. Wanda ya bi sawun wannan rigima zai ga cewa tun kafin mai haya ya taka ƙofar shago, manyan kamfanoni sun riga sun share masa hanyar da suke so ya bi, sa'an nan da aka tashi rabon asara, shi aka ɗora wa nauyin da bai san lokacin da aka ɗaure shi ba.

Asalin rigimar ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Faifan DVD na da, wanda ake karanta shi da jan hasken lesa, gigabayit 4.7 yake ɗauka a shimfiɗa ɗaya, wannan kuwa bai isa fim mai hoto irin na sababbin akwatunan talabijin ba. Sai masana suka koma ga shuɗin haske, wanda ya fi siriri, yana kuma karanta rubutun da aka matse ƙwarai. Kamfanin Sony da abokansa suka fito da Blu-ray mai ɗaukar gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu. Kamfanin Toshiba, da goyon bayan Microsoft da Intel, ya fito da HD DVD mai ɗaukar 15 ko 30, amma ya fi arahar bugawa domin ana iya gyara injunan DVD su yi aikinsa. Girman faifan ɗaya, hasken iri ɗaya, kyawun hoton kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne, na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan, kuma duk wanda ya yi rinjaye shi zai riƙa karɓar kuɗin izini a kan kowane faifai da kowace na'ura.

Abin takaici shi ne kamfanonin nan sun san ƙarshen irin wannan gardama. Sony ne ya fito da kaset ɗin Betamax a 1975, kamfanin JVC ya biyo da VHS a 1976, aka yi shekara da shekaru ana ja-in-ja, har Sony da kansa ya soma ƙera na'urar VHS a 1988. Saboda tunawa da wannan ne a 1995, sa'ad da aka sake samun faifai iri biyu suna neman karawa, kamfanonin kwamfuta suka matsa lamba har aka daidaita a kan DVD guda ɗaya, kowa ya ci riba. A 2005 an sake zama domin a yi irin wannan sulhu, amma kowane ɓangare ya ƙi sassautawa, taron ya watse. Ashe gani ga wane bai ishi wane tsoron Allah ba. A 2006 na'urorin biyu suka shiga kasuwar Amurka, ta Toshiba a kan dala 499, ta farko ta Blu-ray wadda Samsung ya ƙera a kan dala 999.

Yanzu sai a koma ga kashi 70 ɗin nan da Blockbuster ya kafa hujja da shi. Daga ina ya fito? Da farko, a watan Nuwamba na 2006 Sony ya fitar da na'urar wasa ta PlayStation 3 da injin Blu-ray a cikinta. Duk gidan da ya saye ta domin wasa ya zama gidan Blu-ray, ko ya yi niyya ko bai yi ba, alhali mai Xbox 360 sai ya ƙara dala 199 kafin ya sami injin HD DVD. Na biyu, kamfanonin shirya fim sun riga sun raba layi. Sony Pictures da Disney da Fox ba sa buga fina-finansu sai a Blu-ray. Warner da Paramount suna bugawa a duka biyu. Cikin manya, Universal kaɗai ya tsaya ga HD DVD. Mutumin da ya zo shago neman fim ɗin Disney, wane zaɓi aka ba shi? Fim ya zo nema, faifan da fim ɗin yake ciki ya ɗauka, sa'an nan aka lissafa shi cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a.

Ɗaya ɓangaren ma bai zauna ba. A watan Agusta na 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka juya suka koma HD DVD kaɗai, jaridun Amurka kuwa suka ruwaito cewa an yi musu ihsanin da ya kai dala miliyan 150. A watan Nuwamba kantunan Wal-Mart suka karyar da farashin wata na'urar Toshiba ƙasa da dala 100, mutane suka yi layi suna saye. Bayan wata biyu kacal, ranar 4 ga Janairu 2008, Warner ya ce ya koma Blu-ray. Ranar 11 ga Fabrairu Netflix da Best Buy suka bi, ranar 15 Wal-Mart ɗin nan da ya sayar da na'urar araha ya bi, ranar 19 Toshiba ya ce ya daina ƙera HD DVD. Na'urori wajen miliyan ɗaya ne suka rage a hannun jama'a, ba sauran sabon fim da za a buga musu. Toshiba ya yi hasara mai yawa, amma babban kamfani ne, a 2009 ya shiga ƙera na'urar Blu-ray ya ci gaba da sha'aninsa. Magidancin da ya tara kuɗinsa ya sayi na'ura da faifai fa, ina zai kai kukansa? Best Buy ya ba masu sayensa takardar kyauta ta dala 50, wannan kuwa ta'aziyya ce, ba diyya ba.

Adalci ne a faɗi cewa Blockbuster bai yi laifi ba da ya ɗauki ɓangare. Mai shago yana da iyakar wurin jera kaya, kuma sayen fim ɗaya sau biyu ɓarnar jari ce. Daɗin daɗawa, muddin ana gardama, mutane da yawa sun noƙe sun ƙi sayen kowace na'ura, saboda haka duk abin da ya gaggauta ƙarshen rigimar ya rage yawan waɗanda za su faɗa rami. Wanda ya zargi mai shago ya bar masu ƙera faifan, ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ba za a karɓa ba shi ne a kira wannan sakamako muryar jama'a. Kamfanonin da suka tashi daga teburin sulhu a 2005 su ne suka mai da aljihun masu saye fagen daga, su ne kuma ya kamata tarihi ya tuhuma.

Shi kansa Blockbuster bai daɗe yana murnar canka daidai ba. A cikin shekarar nan ta 2007, sa'ad da yake auna faifai da faifai, Netflix ya soma aika fim kai tsaye ta intanet, hanyar da ba ta bukatar faifai balle shago. Kamfanin da aka kafa a birnin Dallas a 1985, wanda ya mallaki shaguna fiye da 9,000 a 2004, ya bayyana gaban kotu a watan Satumba na 2010 cewa ya kasa biyan bashinsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hankalin kowa ya tafi ga wane faifai zai yi nasara, ba a lura ba zamanin faifan ne gaba ɗaya yake shirin gushewa.

Irin wannan rigima ba ta ƙare da HD DVD ba, domin duk inda kuɗin izini yake, za a sami mai son ya ƙera mabuɗin da ba ya buɗe ƙofar kowa sai tasa. Saboda haka wajibi ne mai saye da ɗan kasuwa mai shigo da kaya su yi hattara. Idan manyan kamfanoni biyu suka fito da kaya iri ɗaya waɗanda ba sa aiki da juna, kuma aka ga ɗaya ya karyar da farashi ba zato, to arahar nan abar tsoro ce. Wanda ya riƙe kuɗinsa daga 2006 zuwa Fabrairun 2008 bai rasa kome ba sai kallon 'yan fina-finai, su ma ya gan su daga baya a kan kuɗi kaɗan.