Mu San Juna Kafin Mu Rabu

Na yi samista guda ina zama kusa da wani a lakca ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Sai da aka tura mu aikin SIWES a wata majema da ke Challawa muka gane ashe duk daga Na'ibawa muke fitowa, gidansu bayan 'Yan Katako, namu wajen 'Yan Lemo. Wata huɗu muna biyan kuɗin adaidaita kowa daban. Wallahi abin ya ba ni kunya.

Haka yawancinmu muke. Ana tashi daga lakca kowa ya kama gabansa. Ranar da aka raba furojet na rukuni, sai ka ga mutum biyar sun yi cirko-cirko suna kallon juna kamar an haɗa su a tasha.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware awa biyu a makon tarbar sababbin ɗalibai don wasannin sanin juna. Kuma ba sai mun kwafo na Turawa ba, irin wanda za a ce ka tashi ka faɗi kalar da kake so. Muna da namu. Bakano da Bazazzage abokan wasa ne, haka Bakatsine da Banufe, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. A Nijar, wannan wasan barkwanci ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su tun 2014.

Ga yadda za a yi: a raba aji gida-gida, mutum takwas-takwas. Kowa ya faɗi sunansa, garinsu da unguwar da yake kwana, sannan ya nemo abokin wasansa. Wanda bai samu ba, ya jefa kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba shi gari. Ɗalibai mata za su iya yin rukuninsu daban in sun fi sakewa a haka.

Wani zai ce wasa na iya zama zagi. Gaskiya ne, don haka a kafa doka tun farko: ba a taɓa addini, ba a taɓa iyaye, ba a taɓa halittar mutum. Wani kuma zai ce karatu muka zo. To, malam, wa zai ara maka hendawut ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai? Wa zai gaya maka kamfanin da ke karɓar 'yan SIWES a Sharada ko Bompai? Hukumar ITF ta fara shirin a 1973, amma neman gurbin sau da yawa kai ne da ƙafarka da mutanen da ka sani.

Shugabannin ƙungiya, kujeru da lasifika kawai ake buƙata. Kafin ku shirya, gobe kowa ya tambayi na kusa da shi sunansa.