Kyamara Ba Ta Kama Ɓarawo

 Yau ina so in yi magana ne a kan sana'ar da na shiga ba da jimawa ba, wato haɗa kyamarorin tsaro da ƙararrawa a shaguna da gidaje. Wata tara na yi ina bin maigidana a Jalingo, ina riƙe masa tsani, ina jan waya cikin silin, kafin ya sallame ni ya ce in je in ci gashin kaina. A ɗan zaman da na yi cikin aikin na lura akwai tazara mai yawa tsakanin abin da mutanenmu ke zaton kyamara za ta yi masu da abin da take iya yi. Ni da nake cin abinci da ita, ina ganin ni ya fi kamata in faɗa.

Ba sai an tuna wa kowa abin da ya sa jama'a suka fara neman wannan kaya ba. A watan Afrilun 2022 bam ya tashi a wata mashaya a nan Iware, aka rasa rayuka, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta dasa. Ba a yi mako ba wani ya sake tashi a Nukkai cikin Jalingo. Ga garkuwa da mutane, ga fasa shaguna, ga kuma kasuwar shanu da ke jawo baƙi da maƙudan kuɗi daga ko'ina ta wannan hanya ta Jalingo zuwa Wukari. Don haka duk wanda ya ce yana son ido a ƙofar shagonsa ban ga laifinsa ba.

Amma mai karatu, tambayar farko da nake yi wa mai son aiki ba ta kyamara ba ce, ta wuta ce. Kyamara huɗu da akwatin da ke naɗar hotunansu suna cin kamar wat 40, dare da rana babu hutu. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan irin na ruwa ne, rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a riƙa ja in ana son ya yi ƙarko, ka ga ke nan da ƙyar ya kai ka daga magariba zuwa hantsi, sannan yana buƙatar farantin sola da zai cika shi kafin la'asar. Da na kawo lissafin batir da sola sai ka ga fuskar Alhaji ta canja, ya ce a bar wannan tukuna, ai ana kawo wuta. To wace wuta? Mun ga yadda aka shafe makonni cikin duhu a 2024 bayan an lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, wanda Yola da Jalingo suka dogara da shi. Ɓarawo kuwa ba ranar da aka kawo wuta yake zaɓa ba. Wanda ya sayi kyamara takwas babu batir, wallahi gara wanda ya sayi biyu da batir mai kyau.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar kusan dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori a titunan Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin ma bashi ne. Duk wanda ya bi Abuja a shekarun baya ya ga turakun a tsaye kamar kushewa, an kwashe batir da farantan. Idan Abuja ta sayi kaya ta kasa kula da shi, mai shagon firobishin a Iware sai ya yi karatun ta-natsu.

Kulawar kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai ba a yi. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin, gizo-gizo yana son yin saƙa a bakin kyamara saboda ƙwari na taruwa wajen ɗan hasken da take gani da shi da dare, sai hoton ya koma fari fat. Da damina tsawa tana bin waya ta ƙone akwati idan ba a binne sandar jan ƙarfe a ƙasa ba. Faifan ajiya idan ya cika sabon hoto yake ɗorawa a kan tsoho, saboda haka wanda aka yi wa sata ya zauna wata guda kafin ya kira ni, abin da yake nema ya riga ya goge. Sai kuma maganar tsayi: kowa so yake a kai ta can ƙololuwa don kada a sace, alhali daga can ba abin da za ka gani sai saman hula. Ka san an shigo, ba ka san wa ya shigo ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi hana ni barci shi ne amana.

Mai haɗa kyamara yana sanin gidanka fiye da wasu 'yan uwanka. Ya san inda ido bai kai ba, ya san inda kake ajiye ciniki, kuma shi ya saka kalmar sirri. Da yawa cikin abokan sana'ata suna barin hoton gidan mutum a wayarsu bayan sun gama aiki, wai don in an samu matsala su duba daga nesa. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ranar da aka gama aiki maigida ya zauna ya canja kalmar sirri da hannunsa, mai aiki ya juya baya, ya kuma goge abin daga wayarsa a gaban idonsa. Kada a bar wadda kaya ya zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗi a duniya ta wannan ƙofa kaɗai, har aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka.

Sannan akwai maƙwabci. Mu da aka tarbiyyantar da mu cewa ba a wuce zaure sai da sallama da izini, yaya za a yi mu ɗora kyamara a kan bene tana kallon tsakar gidan wani, inda iyalinsa ke girki da wanki? An taɓa neman in yi irin wannan, mai gidan ya ce ai katangarsa yake tsarewa. Na karkatar da ita, ya ƙi, na bar masa aikin. Sabon shiga ne ni, kuɗin kuma ina buƙatarsu, amma garin ƙarami ne, gobe a sahu ɗaya za mu tsaya da wanda aka leƙa. Tun 2023 ma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, hoton fuskar mutum kuwa yana cikin abin da ta ƙunsa.

Yanzu bari in zo kan wadda ta shafe mu a matsayinmu na waɗanda fatauci da kasuwar shanu suka kawo iyayensu nan. Muna zaune ne tare da Mumuye, Fulani, Jukun Kona, Tibi da sauransu, kuma duk wanda ya daɗe a Taraba ya san yadda ƙaramar magana take zama gobara. Wukari ta gani a 2013 da 2014, yankin Kona ya gani a 2019. A irin wannan wuri hoton kyamara makami ne. An fasa shago da dare, hoto ya fito dishi-dishi, kafin azahar ya zagaye WhatsApp, wani ya ɗora murya a kai ya ce ai ɗan ƙabila kaza ne, dubi tafiyarsa. Ni da na haɗa na'urar na san a wannan duhu da wannan nisa ko uwar da ta haife shi ba za ta rantse shi ne ba. Idan aka tare yaron mutane a kasuwa aka yi masa duka a kan wannan hoto, ba mai shagon kaɗai zai biya ba, duk mai jin Hausa a layin zai biya. Haka in aka juya, namu yaron ne a hoton wani. Don haka sharaɗina ga duk wanda na yi wa aiki: in abu ya faru, a kwafe hoton a kai wa 'yan sanda, a sanar da mai unguwa ko shugabannin kasuwa, kada ya fita ta waya.

Wasu za su ce to in haka ne mene ne amfaninta? Tana da amfani. Tana sa yaron shago ya shiga taitayinsa, tana raba gardamar canji da ta kaya, tana nuna ƙarfe nawa aka shigo da ta ina aka fita, tana kuma sa ƙaramin ɓarawo ya canja layi. Amma ba ta ihu, ba ta bin sawu. Wanda ya sallami maigadinsa saboda ya sa kyamara, fim ɗin satar da aka yi masa kawai ya saya. Fitila mai sola a ƙofa, kwaɗo mai kyau, da ƙararrawa mai tada unguwa sun fi hana ɓarna, kuma sun fi araha, duk da cewa ribata a kansu kaɗan ce.

Shawarar da nake kai wa 'yan kasuwarmu ita ce a daina kowa tasa ta fishshe shi. Shaguna goma a layi ɗaya su haɗa kuɗi a yi tsari guda mai kyamara shida a mashiga da mafita, da batir da solar da za su kwana, maimakon ƙananan tsari goma da ke mutuwa da an ɗauke wuta. A sa akwatin a wuri mai makulli, kalmar sirri ta kasance hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinmu, ɗaya daga maƙwabtanmu da ba Hausawa ba, don kada a wayi gari ana cewa baƙi sun kafa wa 'yan gari ido. A ware ɗan abin da za a riƙa ba yaro duk wata ya hau ya goge gilashi, ya duba ruwan batir, ya tabbatar agogon akwatin daidai yake, domin hoton da kwanan watansa ya kauce lauya ɗaya ya isa ya watsar da shi a kotu. Layi biyu na kai wa wannan magana zuwa yanzu. Ɗaya sun ce sai bayan girbi, ɗayan kuma har yanzu suna kan muhawarar shagon wa za a ajiye akwatin.